Faifai da Turmi a Ƙasar Daura

Yau daga Kusugu muke magana, a cikin birnin Daura. Muna miƙa gaisuwa ga iyayenmu mata na Sandamu da Zango da Baure da Mai'aduwa, da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka, mutanen Magarya da Kance, domin yawancin zancen yau nasu ne. Maza kuma kada ku kashe rediyo, akwai rabonku a gaba, kuma mai nauyi ne.

Duk ɗan Daura ya san labarin rijiyar nan ta Kusugu yadda magabata suka bar mana shi. Baƙo, Bayajidda, ya sauka da dare a gidan wata tsohuwa, Ayana, ya nemi ruwa, ta ce masa ba a samun ruwa sai ranar Juma'a saboda macijin da ke cikin rijiya. Ya ari guga ya tafi, ya kashe macijin, gari ya waye Magajiya Daurama tana cigiyar wanda ya yi wannan aiki. In ana ba da labarin, hankalin kowa yana kan makamin Bayajidda da maƙeran Gaya da suka ƙera shi. Amma ku lura, da guga ya tafi rijiyar. Wani ya ɗinka gugan nan, wani ya tufka igiyarsa, wata ta gina tulun da matan gari suka cika da safe. Irin waɗannan mutane da kayan hannunsu su ne zancenmu yau: faifai, turmi, taɓarya, ƙwarya, rariya, muciya, da sauran abin da ke tsakanin rumbu da bakin mai ci.

Bari mu bi dami ɗaya na gero, mu ga hannu nawa yake ratsawa kafin ya zama tuwo.

An ciro dami daga rumbu, an kwance shi. Aikin farko sussuka. A zuba zangarniya a babban turmi, mata biyu ko uku su tsaya a kansa da taɓare, wannan na ɗagawa wannan na saukewa, har ƙwaya ta rabu da sosonta. Sai shiƙa: a cika ƙwarya, a ɗaga ta sama, a juya wa iska gefe, a riƙa zubowa sannu a hankali, ƙaiƙayi ya tafi, tsaba ta sauka. Wadda ta iya shiƙa tana karanta iska da fatar fuskarta, ta san lokacin da za ta dakata, ta san lokacin da za ta sake. Daga nan sai surfe. A yayyafa wa tsabar ruwa kaɗan, a mayar turmi, a yi ta daka a hankali, don manufar ita ce a saɓule ɓawon kowace ƙwaya ba tare da an farfasa ta ba. In ruwan ya yi yawa gero ya caɓe, in ya yi kaɗan dusa ta ƙi fita. Babu mudun awon wannan ruwa, a tafin hannun uwargida yake.

To a nan faifai ke shigowa, kuma a nan nake so mu ɗan zauna. Ku tuna yadda Inna ke bakace. Ta riƙe faifai da hannu biyu, ta ɗan karkata shi, ta cilla surfen sama, ta janye faifan baya kaɗan kafin ya sauko. Dusa ba ta da nauyi, sai ta taru a bakin faifai ta gaba, a kaɗe ta cikin wata ƙwarya a ajiye wa awaki. Tsaba mai nauyi ta dawo wajen cikin mai bakace. Ƙanƙararriyar ƙwaya da wadda ƙwari suka ci, da baƙar da cuta ta kama tun a gona, su ma suna warewa gefe, a tsince su da yatsa. Bayan nan a wanke, a tsiyaye ƙasari, a rege tsakuwa a cikin ƙwarya, a baza ya sha iska. Sannan ribɗi, wato dakan gari, sannan tankaɗe.

Yau in an ce tankaɗe, rariyar waya ko ta roba ke zuwa wa yara a rai. Amma tsofaffinmu da faifai suke tankaɗe, babban faifan nan da ake kira matankaɗi, wanda ba shi da huda ko ɗaya. Yaya abin da ba shi da huda zai raba gari da tsaki? Ku ɗauki faifai ku shafa shi da yatsa daga tsakiya zuwa baki. Za ku ji tudu da kwari, tudu da kwari, zagaye bayan zagaye. In mace ta karkata matankaɗi tana bubbuga gefensa da yatsu, tsaki mai nauyi da girma yana tsallake waɗannan layuka ya gangara ƙasa, gari mai laushi kuwa ya maƙale a tsakaninsu ya tsaya a sama. Wato layukan nan da muke ɗauka ado ne, su ne ke yin aikin. Shi ya sa in kun ba mai tankaɗe faranti mai santsi, komai kyansa, sai gari da tsaki su sulale tare. Wadda ta fara gano wannan ba a rubuta sunanta ba, amma ilimi ne cikakke, an gwada shi an tabbatar a miliyoyin gidaje. Masu binciken tarihin ƙasa sun tono alamun geron noma a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali da suka kai shekara 4,500. Tun wancan zamani ke nan ake fama da tambayar yadda za a raba wannan 'yar ƙwaya da ɓawonta.

Sauran aikin kowa ya sani. A ɗora tukunya, a yi ruɗe, a bar talge ya nuna, a zuba gari a tuƙa da muciya, a rufe ya sulala, a kwashe da mara a jera malmala a akushi. Miyar kuka a kaɗa ta da maburgi. In fura ce, a cura, a dafa, a mayar turmi a kirɓa, a sake curawa a barbaɗe da gari, a dama a ƙwarya da ludayi, a rufe da faifai.

Wani zai ce, me ya sa iyayenmu ba su daka garin wata guda su huta ba? Dalili yana cikin geron kansa. Gero yana da maiƙo fiye da yawancin hatsi, kuma da zarar an farfasa ƙwayar, maiƙon nan ya fara lalacewa. Cikin 'yan kwanaki gari ya canza ƙamshi, ya soma ɗaci. Ajiyar gero a zangarniyarsa cikin rumbu, a riƙa ciro na yini ɗaya ko biyu, dabara ce ta mutanen da suka san hatsinsu. Sautin lugude da ake ji da hantsi a ƙauyukanmu daga nan ya samo asali.

Shi faifan, yaya ake yin sa? Da kaba, ganyen goruba. A yanko ta tun tana ɗanya, a shanya, a tsattsaga ta siri-siri. A tara tsinkayen ciyawa ko na kabar kanta a yi ɗan ƙunshi, shi ne cikin faifai. Mai saƙa ta fara daga cibiya, tana naɗe ƙunshin da zaren kaba, tana huda layin da ya gabata da basilla tana zura zaren tana ja, layi na hawa gefen layi har faɗin ya kai yadda take so, sannan ta ɗaure baki. In faifan ado ne, tun kafin ta fara ta rina kabarta. Da can ja daga karan dafi ake samun sa, ruwan ɗorawa daga saiwar rawaya, yanzu kuwa galura ta kasuwa ta fi yawa. Zanen da kuke gani, mai tauraro ko mai tsani, babu takarda a gabanta. Lissafi take yi a ka: ɗinki kaza fari, ɗinki kaza ja, kuma tun da kowane zagaye ya fi na bayansa faɗi, dole ta riƙa ƙara adadin, in ba haka ba zanen ya karkace. Ina roƙon malaman lissafi na makarantunmu su kai faifai aji wata rana. Yaron da ya kasa gane kewaye da faɗin da'ira a allo, wataƙila ya gane su a aikin kakarsa.

Daga kabar nan dai ake samun tabarma da igiya da mafici da malfa da adudu da ragayar rataye ƙwarya. Daga duma ake samun masaki da ƙwarya da ƙoƙo da ludayi da gora, in ta fashe gyartai ya ɗinke, in ta wuce ɗinki a fere mara daga sakainarta. Turmi da taɓarya da akushi da muciya aikin masassaƙa ne, da gatari da gizago.

Yanzu bari mu yi doguwar tafiya, mu leƙa wata al'umma da ba ta san gero a matsayin babban abinci ba, amma ta san abin da muke faɗa. Su ne Cokwe. Suna zaune a arewa maso gabashin Angola, a lardunan Lunda da Moshiko, da kudancin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, da arewa maso yammacin Zambiya. Duniya ta san su da sassaƙa da saƙar kwanduna, da wani zane da suke yi da yatsa a kan rairayi mai suna sona, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam a 2023. Abincinsu na yau da kullum tuwon rogo ne. Shi rogo baƙo ne a Afirka, Turawan Fotugal suka kawo shi daga Barazil a ƙarni na 16, ya bi hanyoyin fatauci ya shiga cikin ƙasa.

Rogon da ya fi yawa a can mai ɗaci ne, kuma yana ɗauke da guba mai suna sayanayid. Don haka matansu suka tsara masa hanya, kamar yadda namu suka tsara wa gero. A tono, a jiƙa a ruwa kwana uku zuwa huɗu har ya yi laushi, a ɓare, a shanya ya bushe ƙarau, a daka a turmi, sannan a tankaɗe. Rariyarsu, wadda a Angola ake kira musalo, saƙaƙƙiya ce, doguwa a tsaye mai baki a sama. A zuba dakakken rogo ciki a riƙa girgizawa a kan wani faffaɗan kwando, gari ya fita ta tsakanin saƙar, zaruruwan rogo su rage a ciki. Ku duba hikimar: namu hatsi ƙwaya ne mai gangarawa, sai muka yi shimfiɗaɗɗen faifai mai layuka. Nasu saiwa ce mai zare, sai suka yi rariya mai tare zare. Kowa abincinsa ne ya koya masa saƙa.

Abin da ya sa na kawo labarinsu shi ne abin da ke faruwa in an tsallake mataki. A 1938 wani likita ɗan Italiya mai suna Giovanni Trolli ya ba da rahoton wata cuta a kudu maso yammacin Kongo, wadda ake kira konzo. Yaro ko mace mai shayarwa su kwanta lafiya, su tashi ƙafafu sun sandare, kuma ba a warkewa. Yankin Kahemba, daf da iyakar Angola, inda Cokwe ke da yawa, yana cikin wuraren da cutar ta fi yi wa ɓarna har a zamaninmu. Bincike ya nuna tana ɓarkewa ne lokacin fari ko yaƙi ko tsananin talauci, sa'ad da yunwa ko gaggawar kai kaya kasuwa ta sa aka rage kwanakin jiƙon rogo, ga kuma rashin nama da kifi da wake a cikin abinci. Kwana biyu da aka rage a bakin rafi, sai ya zama gurguntar rayuwa gaba ɗaya. Allah Ya kiyashe mu, Ya ba su sauƙi.

Gero ba shi da irin wannan guba, alhamdu lillahi. Amma mu ma muna da namu wuraren da ganganci da kayan abinci ke kashewa, kuma ba nesa ba. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda gubar dalma. Duwatsun zinariya ake kawowa cikin gida, a daka su a turmi, a niƙa su a injin niƙan hatsi, ƙurar ta bi tsakar gida da abinci da hannun yara. Sai da ƙungiyar likitocin nan Na-gari-na-kowa ta shigo aka gane musabbabin. Iyayenmu mata, turmin abinci na abinci ne kaɗai. Kada a daka dutse a ciki, kada a daka maganin ƙwari, kada a daka batir. Haka faifai. Irin shuka da aka cuɗa da magani, wanda kuke gani ya yi ja ko shuɗi, kada ya hau faifan bakace, kada ya shiga ƙwaryar fura, domin saƙa da ƙwarya suna riƙe abin da ido ba ya gani. A ware masa tsohon kwano, a ajiye nesa da madafa. Wanda ya rage bayan shuka kuma ba na ci ba ne, ko an wanke shi sau goma.

Kada a ɗauka ina cewa a koma jiya. Na san abin da daka ke yi wa ƙirji da kafaɗa da bayan mace. Na san yarinyar da ke makara zuwa makaranta saboda surfe, da mai juna biyu da ke tsaye kan turmi har wata tara. Injin niƙa rahama ne, kuma duk wanda ya ce mata su bar shi su koma dutsen niƙa, to ya fara durƙusawa a kan dutsen da kansa. Haka buhun nan mai ciki uku da ake ajiye wake ba tare da magani ba, sabon abu ne, kuma alheri ne. Abin da nake so shi ne mu san abin da muka karɓa da abin da muka bayar. Farantan injin niƙa ƙarfe ne, suna gugar juna, suna cinyewa, shi ya sa ake kai su wasawa, ake kuma sauya su. Ƙarfen da ya cinye ina ya tafi? Cikin garinmu. Masu inji, don Allah in kun ɗaura sabon faranti ko wanda aka wasa, ku fara niƙa dusa ko ɗan hatsin da ba za a ci ba, kafin ku zuba na mutane, kuma kada ku matse faranti fiye da kima. Uwargida kuma, in an dawo da niƙa, kada ki ce ai inji ya gama. Ki baza a faifai ya huce, ki tankaɗe. In akwai maganaɗisu a gida, ko na tsohuwar rediyo ne, ki naɗe shi a tsumma mai tsabta ki ratsa cikin garin, ki ga abin da zai kamo.

Sai leda. Koko mai zafi a leda, tuwo mai tururi a leda, alala a leda cikin tafasasshen ruwa. Ba a yi ledar nan don wuta ba. Bayan an ci kuma a yar, iska ta kwasa, akuya ta haɗiye. Ku tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin dabbobi. Akushi da ƙwarya da faifan rufi suna riƙe ɗumin abinci, suna barin tururi ya fita don kada tuwo ya yi gumi, in sun tsufa kuma su koma ƙasa. Amma su ma suna da haƙƙi a kanmu. Ƙwaryar da ta tsage tana ɓoye datti a tsagar, a ɗinke ko a sauya. Faifai in ya jiƙe a kai shi rana, kada a jingine shi da danshi ya yi fumfuna. Turmi in an gama a wanke, a bar shi ya bushe, a kife, kada kaji su kwana a ciki.

Mu koma wajen Cokwe sau ɗaya. A 1936 kamfanin haƙar lu'ulu'u na Diamang ya kafa gidan tarihi a garin Dundo, ya tara dubban kayansu, sassaƙa da kwanduna da kayan girki. Wata masaniya 'yar Beljiyam, Marie-Louise Bastin, ta yi nazarinsu ta wallafa babban littafi a 1961. Da yaƙin basasar Angola ya zo, daga 1975 zuwa 2002, an sace wasu daga cikin mafi daraja, aka riƙa ganin su a kasuwannin Turai, gidan kuma bai sake buɗewa ba sai 2012. Gidan tarihi abu ne mai kyau, ina ma a ce baƙon da ya zo shan ruwan Kusugu zai tarar da ɗaki guda a kusa, an jera masa turmi da matankaɗi da madambaci da bayanin kowanne. Sai dai abin da ya riƙe saƙar musalo a ƙauyukan Lunda shi ne har gobe ana cin tuwon rogo, ana bukatar rariya, akwai mai saƙawa, akwai abin saƙawa a daji. Mu ma ta nan za a riƙe faifai, ko ta nan a rasa shi. Bukata dai tana nan, don ba a daina cin gero a ƙasar Daura ba. Inda nake jin tsoro shi ne itacen da mai saƙar.

Maza, ga rabonku. Goruba in an bar ta tana tashi ta yi dogon jiki, ta rabu biyu, ta sake rabuwa, ta yi 'ya'ya, ƙodago ya faɗi ya tsiro. Amma in kullum ana yanke sabon ganyenta, har da na tsakiya, ba za ta taɓa tashi ba, sai ta dawwama a ƙasa tana kaba, ba 'ya'ya, ba sabon tsiro. In kuma mai gona ya zo sassabe ya tumɓuke ta ya cinna wuta, shi ke nan. Wannan matsala sananniya ce a kwarin Gulbin Kaba na yankin Maradi, inda kaba ke ciyar da gidaje masu yawa, har sai da aka zauna da manoma da mata masu yanka a kan yadda za a riƙa barin wasu su girma. Ƙirya kuwa, wadda turminta ya fi kowanne ƙarko saboda taurinta da yadda gara ba ta cin ta, ita ce kuma maƙera suka fi so a gawayi, yanzu ga masu gawayin sayarwa sun shigo. Itace ne mai jinkirin girma. Kafin ƙirya ta yi kaurin da za a fafe turmi a jikinta, wanda ya gan ta tana tsiro ya yi furfura. Buhunan gawayi kaɗan za ta bayar, a ƙone su cikin 'yan makonni, alhali turminta uwa za ta yi daka a ciki ta bar wa 'yarta.

Maganin ba sai an je Turai ba, yana nan arewa da mu, tafiyar sa'a ɗaya ko biyu. Tun daga shekarun 1980 manoman Maradi da Damagaram suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani. In kututture ya yi toho a gona ba a sare shi duka, sai a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kare su daga dabba da wuta. Ba a sayi iri ba, ba a yi ban ruwa ba, saiwar da ma tana ƙasa da ranta. Masana sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya Nijar ta farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, kuma yankin Magarya da Matamaye, maƙwabtanmu na jini, yana cikin inda abin ya fi kama ido. Duk wanda ya bi hanyar Kongolam ya shiga ciki ya ga gawo a gonaki. Jihar Katsina tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, amma gonarka ba ta jiran shiri. Malam, in ka zo sassabe bana, a kowane cincirindon kaba ka bar guda ɗaya ka ce wannan goruba ce, ba mai taɓa ta. In ka ga tsiron ƙirya ko marke ko aduwa, ka kewaye shi da ƙaya. Masu unguwanni da dagatai, ku ne kuka san gonar kowa, maganarku a nan ta fi ta rediyo tasiri. Mata masu yankan kaba kuma, ku ɗebi na gefe, ku bar na tsakiya, daga nan take numfashi.

Saura mai saƙa. Ku je kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, ko kasuwar Daura, ku tsaya a rumfar masu faifai ku saurari ciniki. Tsohuwa ta yi kwanaki tana huda da ja, a tsakanin girki da reno, idonta ya yi ja, yatsunta sun yi kanta. Mai saye ya zo ya taya rabin abin da ta faɗa, ta ce albarka, ya juya zai tafi, ta kira shi ta sallama, don tana bukatar kuɗin cefane kafin la'asar. Mutumin nan kuwa bai taɓa neman ragi a katin waya ba. Jikarta tana zaune a gefe tana gani. Wa zai ce mata ta koyi sana'ar nan, ta yarda? Ni a ganina nan ne igiyar ke tsinkewa, tun kafin roba ta yi mana komai. In kun san kaya na da kyau, ku biya kuɗinsa da daɗin rai. Iyayen amare, in kuna haɗa kayan ɗaki, bayan kwanuka da kuloli ku sa turmi da taɓarya da faifai uku ko huɗu na gaske, ku nuna wa yarinya amfanin kowanne tun tana gabanku. Ƙungiyoyin mata kuma su haɗa kai su sa farashi ɗaya, su nemi rumfa a lokacin bikin Gani, sa'ad da garin nan ke cika da baƙi masu neman abin da za su koma da shi gida.

Ga mai zuwa saye kuwa, ga yadda ake gane na kirki. Ki ɗaga faifai ki duba shi ta hasken rana, in haske na ratsowa tsakanin layuka saƙar ta yi sako-sako, gari zai zube. Ki ɗan lanƙwasa shi, mai kyau zai turje ya koma daidai. Ki duba cibiya da baki, daga nan yake fara warwarewa. Na bakace da tankaɗe ki zaɓi fari wanda ba a rina ba, mai launi a bar shi ga rufi da jere, don galura tana zuba in ta ji ruwa. Turmi kuma ki ƙwanƙwasa gefensa, in ya yi amo a dunƙule lafiya lau ne, in ya yi ƙara a fashe akwai tsaga a ɓoye. Ki leƙa gindinsa ta ciki da ta waje ki tabbata an bar masa kauri, kuma ki tambayi masassaƙi itacen da ya sara da ko ya bushe kafin ya fafe, domin ɗanyen turmi yana tsagewa da hunturun farko. In kin kai gida, kafin ki zuba hatsi, ki fara daka dusa a ciki sau biyu ko uku ki zubar, ta kwashe ɓurɓushin itace da ɗacinsa.